Jinin da Jikin Yaya Ya Ƙi

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula yayata ta kwanta. Ita ta raine ni bayan rasuwar innarmu, a gidan mijinta da ke Ƙofar Kaura, inda take ɗinkin hula. Abin ya faro ne daga dasashi: in ta yi asuwaki sai jini ya ƙi tsayawa. Daga baya wasu baƙaƙen tabo suka fito mata a damtse, alhali ba ta bugu da komai ba.

A asibiti likita ya ce akwai wasu ƙananan ƙwayoyi cikin jini masu toshe rauni, nata sun yi ƙasa ƙwarai, sai an ƙara mata sabon jini wanda bai kwana ba. Na miƙa hannu da murna, tunda rukunin jininmu ɗaya. Ledar jinin ba ta ƙare ba Yaya ta kama rawar ɗari. Washegari aka auna, ƙwayoyin suna nan yadda suke.

Mijinta yana sayar da atamfa a Babbar Kasuwa. Da maƙwabtan rumfarsa suka ji, suka riƙa zuwa suna naɗe hannun riga. Har wani mahauci da bai taɓa ganin ta ba ya zo. Kowane jini aka sa, jikinta ya cinye shi.

Na tare likitan a baranda, muka gaisa, na ce, “Likita, ba rukuninsu ɗaya ba ne? Mene ne laifin jinin?”

“Jinin ba shi da laifi, Malam,” in ji shi. “Su ƙwayoyin nan suna da wata shaida tasu daban, wadda kowa ke gada daga iyayensa. Haihuwa da ƙarin jini sun koya wa jikinta yaƙar duk shaidar da ba irin tata ba.”

“Ni fa? Uwa ɗaya uba ɗaya muke.”

“Ko a ɗaki ɗaya gadon kan bambanta. Akwai mai irin nata, wataƙila ma cikin garin nan. Awon da zai nuna mana shi ne ba mu da shi.”

“Kano fa?”

Ya girgiza kai kawai.

A lokacin ko'ina maganar sabuwar gwamnati ake. Wani mai jinya yana da rediyo, kullum muna jin alkawarin gyara asibitoci. Mijin Yaya yakan kasa kunne kamar za a ambaci sunanta.

Wata ranar Laraba ta kira ni kusa. Leɓenta ya bushe da jini.

“Auta, ku bar wahalar da bayin Allah haka nan. Ka ce masu na gode. Ka kai ni gida in ga yara.”

Muka mai da ita. Ta yi kwanaki tana kwance a tsakar gida, ƙaramar 'yarta tana yi mata fifita. Ciwon kai ya kama ta wata hantsi, kafin azahar ta daina gane mu. Aka yi jana'iza bayan la'asar.

Waɗanda suka ba da jinin su ne suka ɗauki makara. A hanyar dawowa mahaucin ya kama hannuna yana ba ni haƙuri, wai nasa bai yi amfani ba. Likitan kuwa, kafin shekara ta zagayo na ji ya bar ƙasar.