Littafin Abokina a Gafakar Inna

Shekarun baya, a zamanin mulkin Nasara a Sakkwato, na dawo daga kwaleji na kama aikin akawu. A nan na yi aboki, wani malamin asibiti mutumin ƙasar Zazzau, Kirista. Yana da Littafi Mai Tsarki na Hausa, irin waɗanda aka fara bugawa da boko, kuma ban san da wani irinsa a garin ba. Yakan ce mini Allah ne ya hure shi, babu kuskure ko na kalma ɗaya. Ni da aka koya mini cewa hannun mutane ya taɓa littattafan farko, sai in ce, "To, wataƙila, amma dai..." in tsaya nan. Tsoron ɓata wa mutum rai ya sa ban cika ƙarasa magana ba.

Da damina aka tura shi rangadin allurar agana, ya bar mini littafin amana. Na ajiye shi a ɗakina, a gidanmu na Ƙofar Taramniya. Ina ofis aka yi ruwa, soro ya yi yoyo, littafin ya jiƙe.

Na dawo na tarar da tsakar gida a shimfiɗe da tabarmi, takardu warwatse, kowace da ɗan dutse a kanta. Mahaifiyata ta tsinke ɗinkin littafin kaf.

"Inna! Amana ce fa!"

"Kai, kwantar da hankalinka. Ba kai ka ce akwai sunan Allah ciki ba? In bar shi shi ruɓe? Kuma wa ka ɗinke littahi kamar rigar taggo?"

Ita a saninta, littafin kirki warƙa-warƙa yake, kamar Alƙur'anin mahaifina. Da suka bushe na jera su bisa lamba. Warƙa ɗaya ta Zabura ta narke, ba abin da ake gani. Inna ta sa baduku ya yi masa gafaka. Ni kuwa abinci ya daina shiga.

Ranar da abokin nawa ya dawo na yi ta kewaye-kewaye, har Inna ta gaji ta miƙa masa gafakar da hannu biyu. Ya buɗe, ya daɗe yana juyawa. Na ce warƙa guda ta salwanta, ban sani ba ko yanzu littafin ya tawaya a wurinsa.

"Malam, takarda ce ta jiƙe," in ji shi. "Abin da na ce ba ya kuskure, ba tawada nake nufi ba."

Ya rufe ido ya karanto warƙar da ka. Inna ta ce, "Ashe ɗan nan gardi na!" Ya yi dariya yana share hawaye.

Ba zan ce na karɓi aƙidarsa ba, shi ma bai karɓi tawa ba. Sai dai ina jin tun ranar ban ƙara yi wa imanin wani kallon wasa ba. Har ya bar Sakkwato bai sake ɗinke littafin ba. A gafakar yake rataye shi, ya tafi sujada.