Wasiƙun da Manaja bai rubuta ba

A kamfaninmu na ƙera kujeru da tebura akwai wani bawan Allah da muke kira Na-Sani. Shekara goma sha ɗaya kwamfutoci da imel ɗinmu suna hannunsa. Kome ka fara gaya masa, kafin ka kai aya ya ce, "Na sani." Ofishinsa ɗan tsukuku ne a bayan sito, amma yana da na'urar sanyaya ɗaki, da kujera mai juyawa, da butar shayi ta lantarki. Dukkansu da umarnin Manaja aka ba shi, kuma duk ta imel.

Ni ce sakatariya. Manajanmu kullum yana kan hanya, ga shi fuska ba annuri, wa zai tare shi ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ka rubuto wannan?" Saƙo in ya zo da adireshinsa, sai a bi kawai.

Bara 'yata ta kusa haihuwar fari, na nemi hutun sati biyu, Manaja ya amince da bakinsa. Ana jibi zan tafi sai ga saƙo: an soke hutun sakatariya, ta zauna ta riƙa amsa wayar Na-Sani domin zai tafi kwas. Na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska, na dawo tebur. A waya na fara ganin jikana. Wallahi shekara guda ina gaida Manaja da ciwon nan a raina.

Ana nan sai masu sayen kayanmu suka fara ƙorafi, wai 'yan damfara na aika musu saƙo da sunanmu. Manaja ya kira Na-Sani.

"Na sani, ranka ya daɗe. Ba ya hanuwa. Zamani ne ya lalace."

Da Manaja ya gaji da wannan wa'azin, sai ya kira kamfanin da ke riƙe mana shafin intanet da imel. Suka turo wata siririyar mata marar surutu, ta zauna kusa da ni, Na-Sani na tsaye a kanmu ya harɗe hannu.

"Anti, abin ba wuya," in ji ta. "Za mu rubuta a rajistar sunanku cewa daga na'ura kaza kaɗai saƙonku ke fita, kowanne da hatimi. Nan da sati biyu mu rufe ƙofa, duk saƙon da ba hatimi a kore shi. Amma tun daga yau..."

"Na sani, na sani!" Ya fice yana share gumi.

Ni ta ƙarasa wa maganar: tun daga yau rahoto zai riƙa nuna inda kowane saƙon jabu ya fito.

Kai, satin nan Manaja ya zama marubuci! A canza wa Na-Sani labule. A ba shi wurin ajiye mota a inuwa. A riƙa kiransa Shugaban Sashe. Mutumin naku yana ta kwashe rabonsa kafin a rufe ƙofa.

Rahoto ya fito. Saƙo biyu na 'yan damfara ne daga can wata uwa duniya. Tara kuwa daga wata tsohuwar na'ura a ƙarƙashin teburin bayan sito. Aka buɗe ta a gabanmu, sai ga wasiƙu na shekara da shekaru reras, har da tawa. Kwas ɗin ma ashe fentin gidansa ya tsaya sa ido a kai.

Manaja ya cire tabarau ya dube ni. "Baiwar Allah, dama ba ki je wajen 'yarki ba? Me ya hana ki tambaye ni?"

Gaskiya rabin laifin nawa ne da tsorona.

Ni na buga takardar sallamar Na-Sani, Manaja ya sa hannu da biro a kan idona, na kai bayan sito da kaina. Na ajiye ta gefen butar shayin.

"Jikana har ya fara tafiya," na ce, "ban ga ranar da ya zo duniya ba."

Na tsaya ina jira ya ce ya sani. Shi kuwa sai kallon labulen yake yi.