Ƙwaryar Inna da Tsakuwar Majaujawa

Wata Laraba ce da kaka, zamanin Nasara, ina 'yar shekara tara ko goma. An kira su Baba garin Isa tarbar Di'o, Baturen mulki, aka bar ni da wana Mamman muna korar tsuntsaye a gonar geronmu ta bayan Tozai. Ni dama ba ni da zama wuri guda. Na ja igiyar da aka rataya wa sakaina ta yi ƙara, na ruga wancan gefen, na dawo, na yi ihu har muryata ta dishe, amma tsuntsayen nan ko a jikinsu. Da hantsi Inna ta kawo mana fura a ƙwaryarta mai zane, wadda uwarta ta bar mata. Ko kwalliyarta ba ta ji da ita kamar ƙwaryar nan. Ta ce, "Ku sha ku kife min ita, za ni rijiya in dawo."

Muka kife ta bisa kunya, sai hannuna ya fara ƙaiƙayi. Mamman ya ɗauki ƙaton hoge ya jefa mata a hankali; ta gangara ta faɗa kwari, ko tsagewa ba ta yi ba. Na mayar da ita, na ce in wannan ƙato bai yi mata komai ba, ina ga 'yar tsakuwa? Na sa tsakuwa a majaujawa, na kaɗa, na kaɗa, na saki. Ƙwas! Ƙwarya ta ɗan gusa kaɗan, amma ga huda, ga tsaga har baki. Na shafa mata laka, na tofa yawu, na zaga gonar sau uku kamar hakan zai gyara ta.

Da Inna ta dawo ba ta doke ni ba, da ma ta doka. Ta juya ƙwaryar, ta ce, "Hadiza, mi kinka yi?" Ta kai aka ɗinke, amma ƙwaryar ba ta sake riƙe fura ba, sai auduga.

Bara jikata mai karatun kimiyya a Sakkwato ta warware min. Ta ce turi nauyi ne da gudu tare, shi ya sa hoge ya ture ta. Amma ƙarfin fasawa, in gudu ya ninka biyu, shi huɗu yake ninkawa, shi ya sa 'yar tsakuwar majaujawa mai gudu ta huda ta. Na ce kayya, ina kike ran nan?

Yau yaran Tozai a roba suke shan fura, ta faɗi su ɗauka. Ni ga bayani na samu, amma babu Inna da za ni kai wa shi.