Mai Raɗa wa Mugu Suna

Abdulƙahar bai taɓa marin kowa ba a rayuwarsa, amma a Zongo babu wanda ya kai shi kashe mutane. Bayan la'asar yake yi, a wani ɗaki mai rufin kwano bayan layin masu tayoyi, da makirifo a hannu da tsohuwar tele a gabansa.

Sana'arsa nuna finafinan Sin ne, irin na da, waɗanda ake faɗa da hannu da ƙafa, mutum ya yi tsalle daga ƙasa ya dira kan soro. Sinanci bai ji ko kalma ba. Faransancinsa kuwa na kasuwar Saint-Michel ne, ya isa ciniki, bai isa fim ba. Don haka sai ya rage sautin, ya faɗi da Hausa abin da ya ga ya kamata su faɗa. Bai cika yin kuskure ba, tunda labarin ɗaya ne kullum: 'yan ta'adda sun kashe wa wani malaminsa ko ɗan'uwansa, shi kuma ya hau dutse ya koyi faɗa, ya sauko ya ɗauki fansa.

Sunayen mutanen fim ba sa zama a kan 'yan kallo, sai ya riƙa ara musu sunayen unguwa. Jarumi yakan samu sunan wanda ya yi aure a makon. Mugu kuma ana ba shi sunan wanda ya iya ɗaukar wasa, kuma a nan babu kamar Fadel, mai sayar da tsofaffin kayan babur a hanyar Vêdoko. Yana da gemu mai tsini irin na mugayen fim, kuma abin yana yi masa daɗi. In ya haɗu da Abdulƙahar a ƙofar masallaci sai ya ce, "Tsoho, yau mutum nawa na kashe?"

"Kaɗan ne, Alhaji. Kasuwa ba ta ci ba."

Haka ake har shekarar da Ousseini mai zemijan, wato ɗan acaɓa, ya ɗauki wani fasinja zuwa wajen Cadjèhoun bai dawo ba. An tsinci gawarsa a bakin hanya, babur ɗin babu. Ba a kama kowa ba. Ɗan tagwayensa Hassane, mahauci ne a Saint-Michel, bai yi kuka a wurin jana'iza ba, mutane suka yaba masa da tawakkali.

Hassane ba ma'abocin kallo ba ne. Bayan sadakar arba'in abokai suka ja shi ɗakin Abdulƙahar don ya ɗan saki rai, suka zauna a bencin baya inda ba haske. Fim ɗin ranar na wasu 'yan'uwa biyu ne, aka tare ɗaya a hanya aka kashe, aka tafi da dokinsa. Da mai gemu ya bayyana riƙe da linzami, Abdulƙahar ya yi abin da ya saba.

"Ga Fadel nan! Kafin gari ya waye ya kwance dokin nan ya baza a shago. Ƙafa daban, wutsiya daban, wanda ke son fitila ya zo."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Abdulƙahar bai lura da mutum ɗaya a bencin baya da bai yi ba.

Da aka watse, Abdulƙahar yana naɗe wayar makirifo, Hassane ya tsaya a kansa.

"Na gode, Baba. Na ji saƙo."

"Wane saƙo, ɗana?"

"Kada ka damu. Ba daga bakinka na ji ba."

Abdulƙahar ya rantse masa cewa wasa ne, Fadel ya yi shekara da shekaru yana kisa a wannan ɗaki. Hassane ya saurara cikin ladabi, kansa a ƙasa. Ya ce ya fahimta, dole mai iyali ya faɗi haka a fili.

Washegari bayan ya tashi kasuwa, ya je ya zauna a benci mai fuskantar shagon Fadel, jakar wuƙaƙensa a cinya. Mahauci da wuƙa ba laifi ba ne, zama a benci ma haka. Da farko Fadel ya ɗago masa hannu yana wasa. Da zaman ya zama na kullum, ya daina wasa, sannan ya daina barin 'ya'yansa su kawo masa abinci shago.

An kai maganar wurin liman. Liman ya yi wa Hassane nasiha mai kyau, Hassane ya ce amin a duk inda ake cewa amin, ya koma bencinsa.

Lubabatu, matar Abdulƙahar, ita ta gane inda matsalar take. "Malam, yaron nan ba ya yarda da maganarka ta tsaye. Ta makirifo ya ɗauka gaskiya. Can za ka gyara ɓarnarka, kafin a kawo mana gawar Alhaji."

Sai Abdulƙahar ya aika wa Hassane cewa ya zo, akwai abin da bai gani da kyau ba. Ya sake saka fim ɗin nan. Da mai gemu ya fito da linzami, ya ce, "Jama'a, rannan mun zalunci bawan Allah. Tsintar dokin ya yi, yana neman mai shi." Mai gemu a lokacin yana harbin wani manomi a ciki, amma Abdulƙahar ya bayyana cewa manomin ne ya fara.

Saura mai laifi na gaskiya. Can wajen ƙarshe akwai wani tsoho mai farar gira, ubangidan 'yan ta'addan, zaune a kujera yana shafa haɓa. Da ya fito, ɗaki ya yi shiru ana jiran suna, don a wannan ɗaki ba a taɓa barin mugu ba suna ba, kuma Hassane ba zai tashi da tsoho marar suna ba. Abdulƙahar ya duba fuskokin da ke gabansa. Kowane suna da ya zo masa baki yana da mai shi, mai shi kuma yana da ƙofar da za a iya zama a gabanta. Tsohon fim ya ci gaba da shafa haɓa.

"Wannan," ya ce, "shi ne Abdulƙahar."

Ba a taɓa dariya irin ta ranar ba. Wani har ya faɗo daga benci. Hassane ya jira aka fita, ya ce a hankali, "Dama na yi mamakin yadda ka san komai, Baba."

Washegari bencin da ke fuskantar shagon Fadel ya wayi gari ba kowa. 'Ya'yan Fadel sun koma kai abinci. Hassane kuwa ya zama mai kallo na kullum, a bencin gaba, jaka a cinya.

Tun daga nan duk mugun da ya fito a wannan tele sunansa Abdulƙahar. Bai yarda ya sake aron na kowa ba. Hassane bai yi komai ba tukuna, kuma wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san finafinan: jarumi yakan daɗe a kan dutse. Abdulƙahar yana jan wannan sashen iyakar iyawarsa, yana yabon haƙuri, yana sa malamin faɗa ya yi wa'azin yafiya alhali a fim ɗin karya tubali yake koyarwa. In jarumi ya sauko ya doshi gidan tsoho, sai wuta ta ɗauke. A ɗakin kaɗai take ɗaukewa, kuma soket ɗin yana kusa da ƙafar Abdulƙahar.

'Yan kallo sun gaji da fim marar ƙarshe. Yawancinsu sun koma gidan kallon ƙwallo, wasu suna kallo a wayoyinsu. Lubabatu ta ce ya rufe ɗakin, ya ce in ya rufe, Hassane zai nemi wani wurin zama, kuma gidansu ne mafi kusa.

Ranar Talatar da ta wuce su biyu ne kawai a ɗakin. Jarumi ya kai ƙofar tsoho, tele ta mutu. Suka zauna a duhu, ruwa yana dukan kwano.

"Kamfanin wutar nan," in ji Abdulƙahar.

"Ba komai, Baba," in ji Hassane, yana gyara jakarsa. "Zan dawo. So nake in ga yadda ake ƙarasawa."