Bakan Gizo a Cikin Guga

Ranar wata Alhamis ce a farkon watan Sha'aban, ina da shekara tara, na fara jin tsoron rijiyar Gidan Kananzir. Babu abin da ya faru a ranar. Inna ce ta aike ni ɗebo ruwa da hantsi kamar kullum, na zura guga na jawo, sai na ga wani abu yana yawo a saman ruwan, ja da kore da shuɗi, kamar bakan gizo ya narke a ciki. Na sa yatsa ya watse, na cire ya sake haɗuwa. Da na kai yatsan hanci sai na ji warin da ke tashi daga rigunan direbobin tanka in sun zo wucewa ta lungunmu. Na ɗauko bokitina na taho gida da sauri, ni kaina ban san dalili ba.

Na tarar da Inna a kan tabarma tana ɗinkin hula. Na ce mata, "Inna, ruwan nan warin fetur yake." Ta sunkuya ta shinshina, na ga hancinta ya motsa, sannan ta ɗago ta harare ni. "Rufe min baki. Ruwan sadaka kike kushewa? Ba a shan ruwan mutum a ce masa da wari. In na ji maganar nan ta fita daga bakinki a gidan can, ni da ke ne." Amma na lura da abu ɗaya: ba ta juye ruwan a randa ba, a bahon wanki ta juye shi. Daga ranar kuma aka fara saya mana ruwan sha a wurin 'yan ga-ruwa, mu da ko kuɗin cefane sai an yi dabara.

Bari in gaya muku yadda gidan nan yake, don ku gane abin da ya ɗaure bakin Inna. Katanga ɗaya ta raba mu da su a cikin birnin Zariya. Asalin arzikinsu daga wata tsohuwa ne, Hajiya Dije, wadda ta fara da matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli a tsakar gida. Ita ce da ta dawo daga aikin Hajji ta sa aka haƙa rijiya a farfajiyar da ke tsakanin zaure da cikin gida, ta ce ta unguwa ce, kada a taɓa hana kowa ɗiba. Ɗanta Alhaji Tanimu ya fara da tallan kananzir a kwalabe a bayan keke, ya koma kafa tebur a wajen Ƙofar Doka, daga nan sai gidan mai, daga gidan mai sai gidajen mai, sai tankoki masu zuwa Kudu su dawo. Lokacin da na yi wayo ya riga ya tsufa, kuma babu gidan da alherinsa bai shiga ba a unguwar. In azumi ya zo a raba gero da sukari gida-gida. In an yi rasuwa likkafani daga wurinsa yake fitowa. Lokacin da aka haife ni ma, an ce ragon sunana shi ya aiko.

Amma gidan yana da wani nauyi da ko yaro yana ji. Babban ɗan Alhaji ya ƙone a cikin tanka a hanyar Kudu, ko gawarsa ba a kawo ba, can aka binne abin da aka samu. Na biyun ya yi haɗari da sabuwar mota, ya rayu amma bai ƙara gane kowa ba, kullum yana zaune a zaure yana murza carbi yana murmushi shi kaɗai. Tsofaffin unguwa sukan rage murya su ce, "Dukiyar mai wuta ce, in ba ta ci mai ita ba, ta ci ɗansa." Wasu har cewa suke akwai abin da aka binne a gidan. To, lallai an binne wani abu, kuma da idona na gani. A shekarar da aka yi wahalar mai, leburori sun haƙa ƙaton rami a gefen farfajiya, taku kaɗan daga rijiya, aka sauke gangar jikin wata tsohuwar tanka mai tsatsa a ciki, aka rufe da ƙasa. Mu yara har murna muka yi, don mun samu tudun jar ƙasa na yin tuwon ƙasa. Bayan nan tanka takan tsaya a bayan katanga, a zura mesa ta wata kafa a juye fetur a ciki, a ajiye sai ya yi tsada.

A gidan nan nake da babbar ƙawata, Bilki, 'yar marigayin da ya ƙone, 'yar lelen Alhaji. Ita a mota ake kai ta makarantar kuɗi a Tukur-Tukur, ni kuwa firamaren unguwa nake zuwa da silifas ɗin da aka ɗinke da zare, wadda ma ban wuce aji huɗu ba. Islamiyya ce ta haɗa mu. Da an tashi sai mu zarce gindin mangwaron da ke bakin rijiya, mu zana 'yar gala-gala da gawayi a kan siminti, ko mu baje duwatsun carafke. Bilki maguɗi gare ta, in ta faɗi sai ta ce iska ce ta ture mata hannu. Takan ɓoyo min biskit a cikin hijabi, ni kuma in kawo mata ɗanwaken Inna, don a gidansu an ce abincin talakawa ne. Tana tsokanata da cewa, "Ke dai Saude hancinki kamar na mage, ana ɗora tukunya a Ƙofar Jatau kin ji." Su a gidan ba sa jin warin komai, domin labulensu da tabarminsu da jikin Alhaji kansa duk warin mai suke. Kuma ba sa shan rijiyar, burtsatse gare su can cikin gida. Rijiya ta unguwa ce, da wanke-wanken farfajiya.

Duk watan nan ina kallon rijiyar tana canzawa. Bakan gizon ya yi kauri. Kwaɗin da suke kuka a cikinta suka yi shiru, wata safiya na jawo guda biyu a guga, cikinsu a sama. In ka leƙa bakinta idonka ya yi yaji. Layin bokitai da ake yi da safe ya fara raguwa, yau babu gidan Malam mai allo, gobe babu gidan masu ɗinkin riguna. Na ji wata maƙwabciyarmu tana ce wa Inna ta kan katanga, "Ruwan can ya ɗan yi nauyi kwana biyu," Inna ta ce, "Haka ne, sai dai wanki," suka koma hirar tsadar tumatir. Kowa ya sani, kowa ya janye a hankali, kuma kowa in ya haɗu da Alhaji sai ya durƙusa ya ce Allah ya ƙara arziki. Sau nawa ina zaune da Bilki maganar ta zo min har baki, sai in tuna idon Inna in haɗiye.

Saura kwana uku a ga watan azumi, bayan la'asar sakaliya, muna wasa sai Bilki ta ce mu jawo ruwa mu wanke ƙafa kafin magariba. Igiya ta tsinke, guga ya faɗa. Mun saba in haka ta faru a haska madubi a ciki a ga inda ya tsaya, a sa ƙugiya a ciro. Muka gwada madubin, amma rana ta riga ta faɗa bayan katanga. Bilki ta ce, "Bari in kunno fitilar ƙwai mu zura da igiya, an ce haka Kaka Dije take yi. Ke ruga ki aro ƙugiyar gidanku, kar ki tsaya shinshine-shinshinen nan naki a hanya." Wallahi na san abin da wuta take yi wa fetur, na sha ganin masu babur suna korar mai sigari daga bakin jarka. Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "To."

Ina cikin ɗakin Inna ina laluben ƙugiya a bayan ƙofa na ji shi. Ba irin ƙarar bindiga ba ce, wani gurnani ne daga ƙarƙashin ƙasa, a tafin ƙafata na fara jinsa kafin kunnena. Kwanukan jeren Inna suka zubo. Da muka fito tsakar gida sai ga wuta tsaye ta kan katanga, ta fi mangwaron tsawo, miƙe sak kamar an dasa ta. Ladan ya fara kiran salla ya katse. Kafin maza su gama taruwa ta bi ƙasa ta kai ga tankar da aka binne, aka yi fashewa ta biyu, wadda ta ɗauke zaure da rabin gidan. Mutane suna gudu da bokitai babu inda za su ɗebo ruwa, don rijiyar unguwa ita ce ke ci. Sai ƙasa aka riƙa watsawa da hannu. An samu fitar da ɗan Alhaji mai carbi da rai. Bilki ta yi kwana uku a asibiti, ta cika a yammacin da aka ga wata.

Abin da ya fi wutar tsaya min a rai a wurin zaman makoki ya faru. Ina raɓe a bayan Inna, mata cike da tsakar gidan da ya saura, sai na ji ana raɗa. Wannan ta ce ita dama tun farkon wata ta ji warin. Waccan ta ce ai su sun fi sati uku da daina ɗiba. Kowace tana faɗa kamar wani abin a yaba mata. Ashe Hajiya Rabi, mahaifiyar Bilki, tana ji. Ta yaye mayafi daga fuskarta, ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta ce a hankali, "Ashe duk kun ji? Kuka bar min 'ya tana wasa a bakinta?" Inna ta damƙe hannuna har sai da farcenta ya shiga. Ba mu ƙara tayar da maganar ba sai daren da za a kai ni ɗakin miji, tana ɗaura min lafaya ta ce, "Saude, da na bar ki kin faɗa."

Alhaji Tanimu bai ƙara miƙewa ba, ɓarin jikinsa ya shanye, ya rasu kafin azumi ya zagayo. Gidajen man suka tafi ɗaya bayan ɗaya, magada suka watse. Yanzu wurin kango ne, awaki ke kwana a ciki, an rufe bakin rijiyar da kankare. Yaran unguwa suna cewa aljanu ne suka tashi gidan. Ni na san ba aljanu ba ne. Tsatsa ce, da kunyarmu.

Yanzu ina aure a wajen Ƙofar Jatau, da 'ya'ya biyu, babbar na sa mata Bilkisu. A gidan yayan mijina muke zaune, Yaya Habu, mutumin kirki, shi ya ba mu ɗaki, in mijina bai samu aiki ba daga tukunyarsa muke ci. Tun da mai ya yi tsada ya shiga sana'ar bumburutu, kuma jarkokin fetur ɗinsa a ɗakin da ke jikin madafa yake tara su. Na yi wa mijina magana, ya ce, "Ki rufa mana asiri, a gidan mutum muke." Na yi shiru wata biyu, ina hura wuta ina kallon bangon. Sai ranar Juma'ar da ta wuce Bilkisu ta rugo daga bakin magudana da ruwa a murfin kwano, tana dariya: "Umma, kalli, bakan gizo!"

Ban san sanda na sa hijabi ba. Na samu Yaya Habu a zaure yana cin goro, na durƙusa na ce, "Yaya, don girman Allah a fitar da jarkokin nan daga gidan nan. Suna yoyo, kuma wuta tana kusa." Ya dube ni ya yi dariya. "Ikon Allah! Amarya, yaushe kika zama ma'aikaciyar kashe gobara? Shekara nawa ina harkar mai, ko gashin hannuna bai taɓa babbakewa ba." Na ce, "Haka Alhaji Tanimu ma ya shekara arba'in." Sai dariyar ta tsaya. Kwana huɗu ke nan ba ya amsa gaisuwata, mijina ma fushi yake da ni. Jarkokin suna nan. Ni dai na kwashe murhuna na mayar can ƙarshen tsakar gida, kuma gobe in Allah ya kai mu zan sake durƙusa masa.

A da, da mangwaron nan da rijiyar da ƙawata, ina ganin babu unguwar da ta kai tamu zaman lafiya, don ba a taɓa jin wani ya faɗa wa wani magana mai ɗaci ba. Har yanzu ina kewar wannan zama, amma na san abin da ya ci. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, roƙo ɗaya gare ni gare ku. In kun ji wari a gidan wani, ko da gidan da ke ciyar da ku ne, don Allah ku faɗa masa. Ya yi fushi da ku yana da rai.