Jar Dawar Soji

Ko yau in na ji warin sabon buhu, sai jar dawar nan ta faɗo mini a rai. Ina ƙarama lokacin, muna haya a unguwar Bukoki, shekarar da ruwa ya ƙi zuwa, soji kuma ke riƙe da ƙasa. Ka san zamanin: mutum ba ya maganar gwamnati sai ya waiga, ko maƙwabci ba a yarda da shi ba.

Kakanmu ya baro gonarsa a ƙasar Tawa ya tare wurinmu. Ranar da mahaifina ya shigo da buhun jar dawa ta taimako, tsohon ya ce ba za a dafa ba. Wai ya ji an zuba mata maganin hana haihuwa, in ba haka ba me ya sa soja zai ba talaka hatsi kyauta? Mahaifina mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, sai ya hau bayani kamar yana gaban allo. Kai, ya ɓata lamarin! Kaka ya dube shi ya ce, "Su suka aiko ka?" Ya ja buhun zuwa ɗakinsa ya rufe. Ga ƙanena kwance, wuya duk ya zama zare. Wallahi na ji haushin tsohon nan.

Inna ba ta yi musu ba. Da hantsi ta durƙusa bakin ƙofarsa ta ce, "Baba, ni ma hankalina bai kwanta da ita ba. Mu ba mu san hatsi ba, ku kuka sani. Ku duba muna."

Sai ga Kaka ya kwance buhu. Ya sansana, ya tauna ƙwaya ya tofar, ya jiƙa wata a ƙwarya yana duban ruwan. Ya watsa wa kazar maƙwabta, ya bi ta da ido har la'asar. Sannan ya sa aka dama kunu, ya hana kowa taɓawa.

"Ni na gama haihuwa," in ji shi. "In da magani, ya ƙare a kaina."

Ya shanye, muka zuba masa ido. Da gari ya waye shi da kansa ya ɗora ƙanena a cinya yana ba shi da ludayi.

Yanzu ’ya’yana kullum suna cikin gardama a waya, kowa na son ya kayar da wani. Ni dai na ga ranar da mai gaskiya ya kusa kashe ɗansa da bayani, mace ta cece shi da tambaya. Kaka kuwa har ya rasu yana faɗin shi ya yarda a ci.