Na Ɗora wa Kitso Laifin Sanƙarau

Lokacin da abin nan ya faru ina koyar da ilimin halittu a wata sakandaren 'yan mata a nan Gombe, muna zaune a Bagadaza. Ni ce irin malamar da jan bironta ke ƙarewa kafin zango ya raba. Duk shekara sai na jera alamomin sanƙarau a allo: zazzaɓi, matsanancin ciwon kai, amai, sandarewar wuya, ƙin haske. Ɗalibar da ta manta ɗaya ta rasa maki, ko 'yar wace ce.

Da bazara ne muka je bikin ƙanwar maigidana a Kwadon. Kwana huɗu muka yi, mata da yara cunkushe a ɗaki mai taga guda, wannan na tari, waccan na atishawa. Ranar dawowa goggon yarana ta zaunar da 'yata mai shekara tara ta yarfa mata ƙananan kitso saboda makaranta, irin wanda ke ɗage gira sama. Washegari yarinyar ta ce kanta na sarawa. Na ce kitso ne, kowace mace ta biya wannan harajin. Da rana jikinta ya ɗau zafi, na ba ta farasitamol. Na ajiye mata abinci ta kasa sunkuyawa, sai ta ɗago kwanon zuwa bakinta, wuya a miƙe kamar mai ɗauke da tulu. Allah ya yafe mini, har dariya na yi, na ce yau muna da matar gwamna a gida. Babanta ya ce mu leƙa asibiti, na tuna masa wanda ya karanci kimiyya a cikinmu. Na kira goggon ina tsokanarta da cewa hannunta ya fi dacewa da dambe, ta ce in gasa wa yarinyar ƙeya da ruwan ɗumi, ai ba a tsefe kitson kwana ɗaya.

Kashegari da hantsi ta yi amai sau biyu, ta roƙa a saki labule. Sai ta ce, “Umma, ki tsefe min, don Allah.” Na zauna na warware shi layi bayan layi, ina lallashinta cewa yanzu za ta ji sakayau. Na gama, gashi ya baje, wuyan yana nan kamar icce. A nan na tuna alamomin da nake jerawa a allo, na saɓe ta muka nufi asibiti.

A asibiti aka ɗebi ruwa daga gadon bayanta, ya fito gurɓatacce. Likita ya ce ƙwayoyin cuta ne da ke bin numfashi, sun kama fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, cunkoso da zafi ne kasuwarsu. Duk na sani, na gyaɗa kai kamar sabuwar ɗaliba. Ya tambayi yaushe ta fara, na faɗa. Ya ce, “Malama, wannan ciwon da awa ake lissafa shi.” Mako biyu tana shan allurai. Ta rayu, alhamdu lillahi, amma kunnen hagu ya daina ji, na dama ma kaɗan yake ji.

Abin da na koya shi ne, sani bai hana mutum rungumar dalilin da ya fi kwantar masa da hankali. Kitso na sa ciwon kai, gaskiya ne, amma ba ya kawo zazzaɓi da amai. Iyaye mata, in yaro ya haɗa zazzaɓi da ciwon kai ya kasa kai haɓa ƙirji, kada ku tsaya neman wanda ya fi ku sani a unguwa, ku nufi asibiti a sa'ar. In masu rigakafi sun zo, ku miƙa yara.

Yanzu in ina madafa na ƙwala wa 'yata kira, sai na yi sau biyu kafin in tuna. Sai in ajiye ludayi, in taka har inda take, in taɓa kafaɗarta. Ta juyo tana murmushi, tana kallon bakina.